Hannun Wa Ya Taɓa Idon Baba?

Baba ya daɗe yana ɓoye mana cewa ganinsa na tafiya. Mutum ne da ba ya son a riƙe masa hannu, kuma ƙauyenmu, da ke gaba kaɗan da Kajiji a ƙasar Shagari, ya san shi lungu da saƙo, ya san inda kowane turke yake da inda kowace kwata ta ratsa hanya. Ko an ɗaure masa ido zai iya zuwa masallaci ya dawo. Albasa ce ta tona shi. A shekarar, bayan an cire ta an shanya, ya zauna kamar yadda ya saba yana ware masu rauni kafin a zuba sauran a rudu, wato ɗakin karan da ake ajiye ta har ta yi daraja. Ba a daɗe ba wari ya tashi. Yaya, babban wanmu da suke noma tare, ya buɗe ya tarar ruɓa ta ci har tsakiya. Tun da muka taso ba mu taɓa ganin ruɓaɓɓiyar albasa ta wuce ta gaban Baba ba.

Ni a lokacin ina Bodinga, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare. Shi ya sa Baba yake kirana Malama, rabi wasa rabi gaske. Da Yaya ya gaya mini a waya, na hau mota ranar Asabar na je. Na tarar da Baba a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, amma kafaɗata yake kallo, ba fuskata ba. Na matsa na duba. Ƙwayar idonsa na dama ta yi fari kamar an ɗiga mata nono, na hagu kuma ya soma dishi-dishi.

"Yana ce, Baba," na ce. "Ana cire ta a asibiti."

"Tsuhwa na, Malama," ya ce. "Ba a cire tsuhwa."

Muka yi ta ja da shi har damina ta wuce. Sai aka yi shela a masallatai cewa wata tawagar likitocin ido za ta sauka a wani asibiti a ƙasar Shagari, za a yi wa masu yana aiki kyauta. Ba ni na shawo kansa ba. Amininsa ne, ladanin masallacin unguwarmu, wanda shi ma yana ta rufe masa ido har sai ya tambayi mutane ko rana ta karkata kafin ya kira azahar. Ya ce shi dai za shi, in Baba na tsoro ya zauna. Baba ya ce wa ke tsoro. Haka aka ɗora su a kabu-kabu biyu, wato baburan haya, Yaya na biye, ni kuma na taho daga Bodinga muka haɗu a can.

Ban taɓa ganin tsofaffi da yawa wuri guda kamar ranar ba. Wasu daga Horo Birni, wasu daga rugage, wasu an ce tun jiya suka kwana a barandar. Ana duba mutum, a liƙa masa ɗan filasta a goshi saman idon da za a yi wa aiki, sai ya koma ya jira. Shugaban tawagar, wani dattijo mai furfura a gemu, ya fito ya yi wa jama'a bayani cikin Hausa mai daɗi. Ya ce kada a sunkuya bayan aiki, kada a ɗauki kaya mai nauyi, a yi salla a zaune, a kiyaye hayaƙi. Na dube shi hankalina ya kwanta. A bayansa akwai samari da 'yan mata sanye da koren kaya, ban ko kula da su ba, na ɗauka masu miƙa kayan aiki ne. Da aka buɗe ƙofar ɗakin tiyatar don shigar da wani, na hango gadaje biyu, kowane da na'urarsa a sama.

Baba Ladan ya shiga da hantsi. Kafin mu gama gaisawa da wasu 'yan garinmu har ya fito, ido a naɗe, yana cewa shi bai ma san an fara ba. Baba bai samu shiga ba sai bayan la'asar, kuma ya daɗe a ciki. Wata tsohuwa da ta shiga bayansa ta fito, wani ya shiga ya fito, Baba shiru. Na tambayi wata nas da ta zo wucewa. Ta ce kowane ido da yadda yake zuwa, ta wuce ba ta tsaya ba. Can dai ya fito. Na tambaye shi ko da ciwo, ya ce a'a, ya nemi ruwa.

Washegari da safe aka jera su a benci ana kwance musu bandeji. Da aka zo kan Baba Ladan ya ƙifta, ya ƙifta, sai ya ɗaga murya da kabbara kamar yana kan hasumiya, ya ce ga bishiya can, ga akuya a gindinta. Mutane suka yi dariya. Aka kwance wa Baba. Idon dama da aka yi wa aikin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa. Wani saurayi cikin tawagar ya ɗaga yatsu a gabansa ya ce nawa ne. Baba ya ce haske kawai yake gani. Saurayin ya kira dattijon, suka haska da 'yar tocila, suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Ina jin Turanci, amma nasu ban tsinci komai ba sai kalmar kumburi. Dattijon ya juyo ya ce mini zai washe, a dage da ɗiga magani. Suka ƙara mana wata kwalba a kan wadda aka ba kowa. Bayan kwana kaɗan tawagar ta tattara ta tafi.

Idon bai washe ba. Jan ya ragu, ciwon ya lafa, amma gaban idon ya koma ruwan toka gaba ɗaya. Da, ko ba komai, yana gane giftawar mutum da shi. Yanzu har wannan ta tafi.

An kusa wata biyu kafin Baba ya gaya mini abin da ya ji a ɗakin tiyata. Na je hutun ƙarshen mako, muna zaune a tsakar gida, matar Yaya ta shiga madafi. Sai ya ce in matso.

"Da anka rufe ni da ƙyalle, ido guda kaɗai ag waje," ya ce. "An yi mani allura, ban jin zahi, amma kunnena lahiya lau. Mutum biyu na bisa kaina."

Ya ce ɗaya yana magana, ɗaya yana amsawa da gajeren sauti. Turanci suke yi, bai san me suke cewa ba, amma ya ce ya san muryar. Irin muryar da yake yi wa Yaya ce sa'ad da yake koya masa riƙe garmar shanu. Ana cikin haka sai mai maganar ya koma Hausa, ya ce da sauri, "A'a, tsaya. Tsaya. Ba ni." Baba ya ce hannun da ke dafe da goshinsa ya ɗaga, wani ya sauka, mai nauyi, mai sanyi. Daga nan ba wanda ya ƙara magana sai ƙarar ƙarafa.

"Hannu biyu anka sa mani, Malama. Na farin ya ɓata, na biyu yaz zaka gyara."

Na ce ko ya tambayi Baba Ladan yadda nasa ya kasance. Ya ce ya tambaya. Shi murya ɗaya ya ji, kuma mai ita ɗan waƙe yake yi a maƙogwaro har aka gama.

Daga ranar na kasa natsuwa. Na yi ta dawo da fuskokin samarin nan masu koren kaya a raina, ina neman wanda idonsa ya kauce da muka haɗa ido. Wanda ya ɗaga yatsu a gaban Baba, me ya sa ya yi saurin kiran dattijon? Ƙarin kwalbar nan, tausayi ne ko sun san abin da suka yi? Har bayanin dattijon mai daɗi ya soma yi mini kama da na dillalin da ya san dabbarsa na da aibi.

A gari kuwa magana ta rabu. Yaya ya ce abin a fili yake, an kwaso ɗalibai an kawo su ƙauye su koyi hannu a kan talakawa, shi ya sa aka ce kyauta. Iyalin Baba Ladan suka ce ba haka ba ne, an ga Baba a fadama kwanaki kaɗan bayan aikin, kuma an gan shi ya kai goshi ƙasa a sallar Juma'a. Na tsare matar Yaya, ita ce ke ɗiga masa magani, na tambaye ta ko an taɓa tsallakewa. Ta ce ba a taɓa ba, amma ta faɗa tana kallon turmi. Na tambayi Baba zancen fadama, ya ce ya je ya tsaya ne kawai, bai taɓa komai ba. Na rasa wanda zan yarda da shi, har shi kansa.

Na shiga bin waɗanda aka yi wa aiki a wannan zuwan. Duk wanda na ji labarinsa sai na tambaya, da safe ya shiga ko da yamma, gadon dama ko na hagu, murya nawa ya ji. Na so in samu amsa mai tsabta, in ce duk na gadon hagu sun lalace. Ban samu ba. Yawancinsu suna gani. Wata tsohuwa daga Horo Birni ta ce ita ma murya biyu ta ji, ga ta kuwa tana zura zare a allura. Wani makiyayi da idonsa ya mutu kamar na Baba ya ce shi bai ji komai ba, salati kawai yake yi.

Akwai wata abokiyar aikina a makaranta da mijinta ma'aikacin jinya ne, an turo shi Bodinga daga wata ƙaramar hukuma. Na je gidansu na kwashe komai na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce aikin yana aikin hannu ne, kuma hannun da ke yin sa kullum ba daidai yake da wanda ke yinsa jefi-jefi ba. Ya ce matsala tana iya zuwa wa kowane likita, amma wanda ya saba yakan hango ta kafin ta iso, in kuma ta iso ya san ta inda zai fita. Ya ƙara da cewa yanar da ta daɗe ta yi tauri ta fi wuyar cirewa, kuma ta Baba ta daɗe. Na ce to shi a ganinsa mai koyo ne ya fara yi wa Baba?

"Hajiya, ban kasance a ɗakin ba," ya ce.

Na ce amma ana yin haka? Ya ce ko'ina ana koyo, amma da babba a tsaye. Ya miƙo mini ruwa. Na fito ina cewa a raina, dama ai ba za su tona wa juna asiri ba.

Shekara ta zagayo, idon hagu ya bi sahun ɗan'uwansa. Baba ya daina zuwa gona. Ya daina ɓoyewa ma, ya karɓi sanda. Duk lokacin da na ambaci asibiti sai ya ce ido guda ya rage masa, ba zai ba yara su yi wasa da shi ba. Ko hasken da yake rarrabe dare da rana da shi ya ishe shi.

A wannan tsakanin ne wani mai maganin ido na gargajiya ya sauka a kasuwar Kajiji, irin waɗanda ke sa tsinken ƙarfe su ture yanar ta faɗa can cikin ido. Yaya ya je ya gan shi ya dawo da zumuɗi. Ya ce tun mutumin yana saurayi yake wannan sana'a, a wurin ubansa ya gada, ya yi wa mutane ba iyaka. Ya juyo gare ni ya ce, "Ba ke kinka ce hannun da yas saba aka nema ba? To ga shi." Maganata ce ya mayar mini. Abin da na sani shi ne akwai wani tela a unguwarmu a Bodinga da aka yi wa irin wannan. Ya gani na ɗan lokaci, daga baya ciwon kai ya kama shi, idon ya tafi gaba ɗaya, mai tsinken kuma ya riga ya bar ƙasar. Na ce wa Yaya mutum yana iya shekara da shekaru yana maimaita abin da ba daidai ba, kuma wannan ba ya zama ya ga ƙarshen aikinsa, kasuwa na tashi shi ma ya tashi. Yaya ya ce su ma na asibitin ai tashi suka yi.

Baba yana jinmu. Ya ce shi abin da ya ja shi ga mai tsinken guda ne, zai san hannun wa ke kansa. Na ce in wannan ne kawai, ya ba ni dama in kai shi Sakkwato, ya yi wa likita duk tambayar da yake so. In amsar ba ta yi masa ba, mu dawo, ba zan ƙara cewa komai ba. Ya ce ya ji, amma shi zai yi magana, ba ni ba.

Ya kwana gidana a Bodinga, da safe muka shiga birni. A asibitin na sa rai za a haɗa mu da wani mai furfura. Da aka kira mu sai na ga mace, siririya, ba ta kai ni shekaru ba. Na leƙa waje na tambayi nas ko babu babban likita. Ta ce akwai, amma yanzu ya fi zama a ofis da taro, aikin yana wannan ce ke yi. Ban ji daɗin amsar ba. Na ɗauka an gan mu 'yan ƙauye ne.

Likitar ta gaishe da Baba da ladabi, ta sa haɓarsa a kan na'ura ta duba idon biyu. Ta daɗe a kan na dama. Da ta gama Baba ya gyara zama, irin zaman da yake yi in zai sayi bijimi.

"Ɗiyata, ke za ki yi aikin?"

"Ni ce, Baba, in ka yarda."

"Ido nawa kinka yi?"

Ta ce ta daina ƙirgawa tuntuni. Duk mako tana da ranakun tiyata, kuma yawancin abin da take yi ke nan tun da ta gama koyo.

"Nawa sunka mutu ga hannunki?"

Na ji kunya ta kama ni, na ce, "Baba." Ya ɗaga mini hannu. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai waɗanda ba su gani ba bayan ta yi musu, ba su da yawa, amma tana tuna su. Ta ce sun fi yawa a shekarunta na farko, yanzu sun ragu sosai, sai dai ba za ta ce masa sun ƙare ba.

Ya ce to wancan idon me ya same shi. Ta ce akwai wata 'yar jaka siririya da yanar ke zaune a ciki, kamar ɓawon albasa na ciki. Ga alama ta yage a lokacin aikin, aka daɗe ana neman gyara, gaban idon ya wahala bai farfaɗo ba. Baba ya kwashe labarin muryoyin nan ya gaya mata. Ta saurara tana kallon hannuwanta. Ta ce ba ta nan, ba za ta ɗora wa wani laifi ba. Jakar takan yage ko a hannun wanda ya ƙware, musamman in yana ta tsufa. Amma ta fi yagewa a hannun sabo, wannan gaskiya ne.

"Ke ma kina da mai koyo?"

"Ina da shi. Yakan tsaya kusa da ni. Wani lokaci nakan ba shi ya yi wani sashe ina kallo." Ta ƙara da cewa, "Baba, ni ma a idon mahaifin wani na fara. In ba a koya musu ba, ranar da na bar nan babu mai yi."

"Gaskiya ta," in ji Baba. "Shi koya. Amma shi koya ga mai ido biyu. Ni guda gare ni."

Ta ce ta yarda, mai ido ɗaya dama ba ta ba kowa. Zai tsaya ya kalla kawai. Baba ya ce ba ya ganin wanda ke kallo da wanda ke yi, saboda haka yana da sharaɗi. Tun daga farko har ƙarshe ta riƙa yi masa magana, da Hausa, don ya ji muryar daga inda hannun yake. Ta ce akwai wurin da dole ya yi shiru kada kansa ya motsa, amma ita za ta ci gaba da magana.

A hanyar komawa Baba ya ce ya yarda da ita. Ni ban gama yarda ba. Saurin amsa laifinta ya tsaya mini a rai. Na ce wa kaina ko wannan ma dabara ce da suka koya, ka faɗi ƙaramar gaskiya don a ba ka babbar amana. Ban faɗa masa ba.

Ranar aikin na zauna daidai ƙofar da ma'aikata ke shiga, ba inda aka ce 'yan'uwa su zauna ba. Na ga likitar ta shiga. Bayanta wani dogon saurayi mai tabarau ya bi, yana ɗaure hularsa. Na dubi hannuwansa, dogayen yatsu. Nas ta zo ta ce in koma benci, na ce ƙafata ce ke ciwo. Ban daɗe sosai a wurin ba aka turo Baba a keke, an gama aikin.

Da muka keɓe na tambaye shi. Ya ce ta cika alkawari. Tambayarsa ta yi ta yi a kan albasa, wai tata a gida ba ta daɗewa take tsirowa, ya ce mata ta raba ta da ƙasa ta bar iska ta ratsa. Da aka zo wurin da ta ce ya yi shiru, sai ta koma gaya masa abin da take yi, yanzu zan fito da ita, ga ta ta fito, yanzu zan sa maka sabon gilashi a ciki. Ya ce sau ɗaya kawai ta yi shiru, ɗan kaɗan, ya ji an motsa a gefensa. Na ce hannun ya canza? Ya ce bai ji ya canza ba. Sannan ya ce, "Amma an yi shirun."

Da safe ita da kanta ta kwance bandejin. Baba ya daɗe yana ƙifta ido, ruwa na zuba. Ya kalli tagar, ya kalli ƙafafunsa. Sai ya kalli likitar, ya ce ashe yarinya ce ƙarama haka. Ta yi dariya. Ya waiwaya ya ga dogon saurayin a tsaye bayanta, ya ce masa ya matso, ya miƙo hannunsa. Saurayin ya miƙa yana murmushin rashin sanin dalili. Baba ya kama hannun ya ɗora a goshinsa, ya rufe ido, ya ɗan jima. Ya saki. Ya ce Allah shi yi albarka, Allah shi ba da sa'ar koyo. Na tambaye shi a mota me ya gane. Ya ce bai gane komai ba, jiya da safar roba a hannunsu.

Ganin ya zauna. Wannan karon a gidana na riƙe shi har aka gama ɗiga magani, ni da kaina nake ɗigawa, ban bar shi ya leƙa ko ƙofar gida ba sai da tabarau. Da ya koma ƙauye ya koma gonarsa. Idon dama yana nan ruwan toka, likitar ta ce babu abin da za ta iya yi masa a nan.

Bayan shekara biyu aka sake shelar wata tawaga. Ban san ko su ne na da ba ko wasu. Mutane suka riƙa zuwa zauren Baba neman shawara, tunda shi ya ga biyun. Baba Ladan, in yana wurin, cewa yake a tafi kawai, ga shi nan shaida, kuma mafi yawan waɗanda suka je suna gani. Baba kuwa sai ya ce a tafi, amma a tambayi wanda zai riƙe wuƙar, a tambaye shi sau nawa ya yi. Baba Ladan ya ce wane talaka ne zai tsaya cikin layin ɗaruruwan mutane yana yi wa likita tambaya, ai sai a ce ya koma gefe. Suka yi ta musu har aka kira magariba.

Ina nan wata ranar Asabar wani dattijo ya zo daga Horo Birni, ƙanensa ya kawo shi a babur. Idonsa biyu sun yi fari. Ya ce shi ba shi da ɗiya malama da za ta kai shi birni, wannan tawagar ita ce tasa. Baba ya ba shi labarin tun daga farko, da muryoyin, da hannun da ya canza. Ina kallon fuskar mutumin tana sauyawa. Na sa baki na ce, "Baba, gaya masa kuma yawancin mutane sun warke." Baba ya ce ai ya faɗa. Bai faɗa ba.

Dattijon ya murza carbinsa. Ya ce to in ya tambaya aka ce masa ƙwararre ne zai yi, ta yaya zai san gaskiya aka gaya masa, tunda za a rufe masa fuska? Baba ya ce ba zai sani ba. Mutumin ya yi godiya, ƙanensa ya kama hannunsa ya ɗora shi a babur. Na bi su har waje na ce wa ƙanen ya daure ya kai shi, zaman gida ba zai cire yana ba. Ya ce to, za su yi shawara. Daga baya na tambayi mutanen Horo Birni biyu ko ya je. Ɗaya ya ce ya je, ɗaya ya ce yana jin bai je ba.